Finol Yana Narkewa a Bazara

Birnin Kudu,
Ranar Laraba.

Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya a masaukinki na Gwaram, kin sauke kaya, kin sha ruwa, gajiyar mota ta sake ki. Allah Ya tsare ki a hanya da gida, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa ki fara wannan aiki na koyarwa da ƙafar dama.

Kin san yadda muke. Ke ce ta fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, don haka bakina ba ya sakuwa a gabanki kamar yadda yake sakuwa a gaban ƙannenki. Na yi shekaru ina tsayawa gaban aji ina magana har murya ta dushe, amma da na zo gabanki sai maganar ta ƙare a "kin ci abinci?" Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda ba ta jin kunya.

Shekaranjiya kina ɗaure kaya a tsakar gida, ina madafa ina jin ku ke da Abbanki. Ya ce, "To Malama ƙarama, an ce makarantar 'yan matan nan tana da ɗakin gwaji. Sai mu ji an fara tayar da hayaƙi."

Kika ce, "Wane ni, Abba! Shugabar makarantar ta ce tun da tsohon malamin ya tafi ba wanda ya buɗe shi. Ni ma haka zan bar shi. Allo da alli sun ishe ni. Ba ka ga hannun Inna ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Hannun nan dai shi yake tuƙa mana tuwo har yau."

Ke ba ki yi dariya ba. Ni ma ban yi ba. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. To ni aka sara, ke kike gudu. Idan tabon da ke wuyan hannuna ya zama sanadin da ɗakin gwajin makaranta guda zai zauna a kulle, 'yan mata su gama karatu ba su taɓa ganin ruwa ya sauya launi a gabansu ba, to ɓarnar da ya yi ta wuce fatata. Don haka zan ba ki labarin abin da ya yi mini tabon. Sunansa finol. Na san kin karanta shi a jami'a, kin kuma ci jarrabawarsa. Ina so ki ji shi daga bakin wadda ya taɓa ciza, wadda kuma har gobe tana son sa.

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina siffarsa. Mutum shida ne zaune a da'ira a kan tabarma ɗaya, kowa ya riƙe hannun na kusa da shi. Su ne kabon shida. Abin da ya rage wa kowa bayan riƙon hannun, wato sauran ilektiron ɗinsa, bai ɓoye a aljihu ba, ya zuba a akushi ɗaya da dukkansu suke ci. Wannan zoben shi ne benzin, kuma cin akushi ɗayan nan ne ya sa yake da natsuwa, ba ya son a taɓa shi. Biyar daga cikinsu kowa yana riƙe da haidirojin guda. Na shidan kuwa baƙo ya kawo, wato oksijin, wanda shi ma yake riƙe da nasa haidirojin ɗin. Zobe da wannan OH ɗin, shi ke nan finol.

Da baƙon rowa gare shi, da labarin ya ƙare a nan. Amma oksijin ya zo da guzurinsa, ilektiron biyu-biyu da ba su shiga riƙon hannun kowa ba, sai ya miƙa wani kaso cikin akushin gidan. Duk halin finol, mai daɗi da marar daɗi, daga wannan miƙawar ya samo asali. In kika riƙe wannan, ba ki da buƙatar haddar shafi goma.

Ni a shekarata ta farko hadda na yi, hadda kuma na ɗora wa yara. Littafi ya ce finol asid ne, ni ma na shiga aji na ce asid ne. Na ga ya kamata in burge su, sai na jiƙo kanwa daga gida. Na ce, "Kun san yadda ruwan tsamiya yake kumfa in ya haɗu da kanwa? To ku zuba ido." Na zuba ruwan finol a kan ruwan kanwar. Shiru. Na girgiza. Shiru. 'Yan mata sun cika aji suna kallon kwalba, kwalba tana kallon su. Can wata mai suna Lantana, wadda bakinta ba ya ajiya, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ko kanwar ce ta kwana?" Aji ya tuntsure da dariya.

Da na koma gida na zauna da abin, sai na ga ai gwajin bai ƙi ba, ni ce ban san abin da nake nema ba. Da yake oksijin ya karkata wajen akushi, riƙon da ya yi wa haidirojin ya sassauta, shi ya sa haidirojin yake iya sulalewa, shi ya sa ake kiran finol asid. In ya tafi kuma, nauyin cajin da ya bari ba oksijin kaɗai yake ɗauka ba, zoben yana taya shi, kamar gayyar ɗaga jinka. Itanol ma, wato sinadarin da ke cikin barasa, yana da OH, amma ba shi da zoben da zai taya shi, don haka ba ya yarda ya saki nasa da sauƙi. Finol ya fi itanol tsami nesa ba kusa ba. Amma duk da haka ƙaramin asid ne, ƙarfinsa bai kai ya kori iska daga kanwa ba. Sai babbar soda, irin wadda mata suke haɗa sabulu da ita, take karɓe masa haidirojin ɗin gaba ɗaya, ya narke a cikinta ya zama gishiri.

Washegari na koma na ce, "Lantana, kanwar lafiyarta ƙalau, Malama ce ta kwana." Muka jera kwalba uku, tsamiya da finol da itanol. Tsamiya ta yi kumfa da kanwa, sauran biyun suka yi shiru. Sannan muka ga gurɓataccen ruwan finol ya washe garau da aka sa masa soda. Wannan darasin ya zauna musu fiye da duk wanda na tsara. Saboda haka, Ummi, kowane gwaji ki yi shi ke kaɗai kafin ki kai shi gaban yara. In kuma duk da haka ya ba ki kunya, kada ki ɗora wa kanwa laifi. Ki ce ba ki sani ba, za ki bincika. Yara suna yafe wa malamin da bai sani ba, amma ba sa mantawa da wanda ya yi musu rufa-rufa.

Yanzu bari in gaya miki abin da nake yi miki kwaɗayi. Tun da oksijin ya ƙara wa akushi abinci, zoben ya zama gidan wadata, kuma duk mai yunwar ilektiron can zai nufa. Ki zuba ruwan buromin a kan benzin ki girgiza har hannunki ya gaji, ba abin da zai shiga zoben sai an kawo mai shiga tsakani. Amma ki ɗiga shi a ruwan finol. Kafin ki ƙifta ido launin nan ruwan goro na buromin ya ɓace, wani farin gari ya sauko kamar an kaɗa kindirmo. Buromin uku ne suka shiga lokaci guda, kuma ba ko'ina suka zauna ba: ɗaya a hannun daman mai baƙo, ɗaya a hagunsa, ɗaya a gurbin da ke fuskantar sa, don a waɗannan gurabe uku wadatar ta fi taruwa. Su ne littafi yake kira na biyu da na huɗu da na shida.

Ranar da na fara yi wa aji wannan, wata yarinya 'yar ƙauyen Kiyako da ba ta taɓa buɗe baki a darasina ba ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ta ce, "La ilaha illallahu! Malama, nono!" Daga baya ta biyo ni har ƙofar ofis tana tambaya me ya sa uku, me ya sa ba biyar ba. Kin ji tambayar da alli bai taɓa jawo mini ba. Gani ya kori ji, Ummi. Irin wannan miƙewar nake so ki gani da idonki, ko sau ɗaya ne, kafin ki yanke hukunci a kan ɗakin nan.

To, ga labarin hannu.

Littattafan da muka karanta duk sun ce finol farar ƙanƙara ce, siri-siri kamar allura. Haka kuma na saba ganin sa tun daga farkon zango, lokacin sanyi. Abin da ban riƙe ba shi ne layin da ke ƙasa, wanda ya ce yana narkewa da zafi ya kai wajen digiri arba'in da ɗaya. Ga wanda ya rubuta littafin a ƙasar sanyi, wannan lamba ce kawai ta jarrabawa. Mu kuwa a nan, wannan shi ne bayan azahar a watan Afrilu, musamman a ɗakin ajiya mai rufin kwano da taga a rufe.

Na shiga ɗakin ina sauri, aji yana jira. Na ga kwalba an rubuta finol, na ɗaga ta, sai na ga ruwa ne yake motsi a ciki, ya ɗan yi ja-ja kamar ruwan zoɓon da aka tsinka. A raina na ce, ai wannan wanda aka riga aka tsarma da ruwa ne, Allah Ya huta da ni. Ashe tsantsarsa ce bazara ta narkar. Jan kuma iska da haske ne suka taɓa shi, don zobe mai wadata irin nasa ko iskar ɗaki ba ta ƙyale shi. Ban sa safar hannu ba. Na tsiyaya, wani ya biyo gefen kwalba ya sauko wuyan hannuna, ya jiƙa bakin hannun rigata.

Na ji ɗan ɗumi, sai kuma na daina jin komai. Wannan ita ce yaudararsa. Wuta in ta ƙona ka tana sanar da kai. Finol kuwa jijiyar da za ta kai ƙara yake fara kashewa, sannan ya ci gaba da aikinsa a natse, yana ratsa fata yana shiga jini. Ni kuma 'yar gidan da aka koya wa dauriya ce, in abu bai yi zafi ba ai ba a tayar da hankalin mutane. Na goge da gefen mayafi na shiga aji.

Ina cikin rubutu a allo Lantana ta ce, "Malama, hannunki ya yi fari fat, kamar kin tsoma shi a ƙullu."

Na ce, "Alli ne, ki kula da littafinki."

Ta ce, "Wallahi Malama alli ba ya tattare fata."

Na duba, na ga gaskiyarta. Na fito baranda, sai ga Malam Habu, malamin Larabci, dattijo mai kirki, yana dawowa daga masallaci da butarsa. Ya ce, "Subhanallahi! Malama, miƙo hannun." Ya tsiyaya mini ɗan abin da ya rage a butar. Niyyarsa alheri ce, ni ma da na ga ruwa sai na ji sanyi a raina. Amma finol ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi. Ɗan ruwa kaɗan ba ya tafiya da shi, shimfiɗa shi yake yi. Sai ya gangara da shi zuwa inda bai kai ba da farko. Ga hannun riga a jiƙe yana manne da fata, ni kuma ba zan iya naɗe shi har gwiwar hannu a gaban namiji ba. Na tsaya ina "ba komai, Malam, na gode." Sai da aka kai ni asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta sa almakashi ta tsarge hannun rigar ba ta ko tambaye ni ba, ta tura hannuna ƙarƙashin famfo. Tana wankewa tana cewa, "Malama, da kunya da hannu wanne za ki koma gida da shi?"

Kin ga tabon da kika girma kina kallo ba finol kaɗai ya yi shi ba. Ya samu taimakon gaggawata, da buta, da kunya. Duk ukun kuwa abubuwa ne da kike da iko a kansu.

Don haka kada ki buɗe kwalba sai an cika babbar roba da ruwa an ajiye a bakin ƙofa, da moɗa da sabulu, ko da makarantar tana da famfo, don kin san halin famfo. Ruwan da za a yi ta kwararawa ba tsayawa nake nufi, har sai hannun mai zubawa ya gaji wani ya karɓa. Akwai wani ruwa mai kauri da ake kira PEG, ya fi ruwa iya ɗauke finol daga fata, ki roƙi shugabarku a saya a ajiye, amma ban da ido, ido ruwa ne kawai. Kada a shafa man shanu, ko ƙwai, ko man goge baki, duk abin da aka saba yi wa ƙuna a gida. Kuma ko mutum ya rantse ba ya jin zafi, asibiti za a kai shi. Tsantsar kuwa ke kaɗai za ki taɓa ta, da safar hannu mai kauri da gilashin ido, da sassafe kafin ɗaki ya ɗauki zafi, taga a buɗe. Yara wanda kika tsarma sosai za su gani. Duk kwalbar da kika samu da ruwa a ciki, ki ɗauka tsantsa ce har sai kin tabbatar.

Maganar kunya kuma tun ranar farko za ki yi ta, kafin wani abu ya faru. Ki rataye zani mai tsabta a bayan ƙofa, ki nuna musu shi. Ki ce duk wadda abu ya zuba wa a hijabi ko riga, cirewa za ta yi nan take, biyu su kare ta da zanin, ɗaya ta zuba ruwa, in akwai namiji a kusa ya juya baya. Ki sa su gwada da ruwan banza har su yi dariya su saba. Na yi haka da kowane aji bayan abin da ya same ni, kuma cikin ikon Allah ba yarinyar da ta taɓa fita ɗakina da tabo.

Abu ɗaya ne zan ce ki ji tsoronsa da gaske. In kika ga tsohuwar kwalba da busasshen gari rawaya a ciki, an rubuta asid ɗin pikirik, kada ki murɗa murfinta, kada ki girgiza ta, kada ma ki ɗaga ta. Jikan finol ne, wanda aka cusa wa wasu baƙi uku da ake kira naitiro a waɗancan gurabe ukun da na gaya miki, kuma in ya bushe yana iya fashewa. Ki ja ƙofa, ki sanar da shugaba a kira waɗanda aikinsu ne. Sanin abin da za a guje wa shi ne yake ba mutum damar sakin jiki da sauran.

Ba kuma dole ne ki fara da kwalba ba. Dangin finol sun cika kasuwar Gwaram. Ki jiƙa bagaruwa, ki jefa tsohuwar ƙusa mai tsatsa a ciki, ki bar shi a taga. Kafin a tashi makaranta ruwan ya fara komawa baƙi kamar tawada. Zobba masu OH ne a cikin bagaruwar suka kama ƙarfe. Ranar da kika ɗiga ruwan gishirin ƙarfe a finol ya koma shuɗi mai ja-ja, za su ce ai mun san wannan, ɗan'uwan na bagaruwa ne. Ki ba su kanumfari su tauna su ji harshe ya yi nauyi, sannan ki gaya musu abin da ke cikinsa ɗan gidan su finol ne, shi ya sa kakanninsu suke danna shi a haƙori mai ciwo. Daga nan ba sai kin yi dogon wa'azi a kan abin da yake kashe zafi yana ɓarna ba, harshensu ya riga ya gaya musu. Baƙin maganin nan da ake wanke makewayi da shi, mai komawa fari in ya shiga ruwa, shi ma danginsu ne. Da yawa daga cikin yaran suna da shi a gida a cikin robar lemo, a inda ƙannensu suke wasa. In ba ki koya musu komai ba sai su koma gida su ɗauke wannan robar su rubuta mata suna, kin ci albashinki da halali.

Na san abin da za ki ce: Inna ta manta yadda sabon wuri yake. Ban manta ba. Za ki samu waɗanda za su ce miki, "Malama, wa ya aike ki? Waɗanda suka riga ki ma allo suka yi suka tafi." Ki gaishe su da ladabi, ki ci gaba da shirinki. Ba na ce ki yi komai a makon farko ba. Sannu ba ta hana zuwa. Ki fara sanin sunayen yaranki, ki san wadda take zuwa daga Zandam ko Dingaya da yunwa, ki san wadda take jin tsoron ɗaga hannu. Amma kada zangon nan ya ƙare ƙofar tana kulle.

Tsohon ɗakin gwaji ba a shigar sa mutum ɗaya, dole a samu na biyu a tsaye a bakin ƙofa. Na yi wa Abbanki maganar jiya. Ya ce, "Wato dai so kike in zuba mai in kai ki Gwaram ki je ki ƙwace wa yarinya aiki." Na ce ba abin da zan ƙwace. Ya ce, "Ke? Ki ga kwalba ki yi shiru? Sai na gani." To ina so ki taya ni ba shi kunya. Ki karɓi makullin daga hannun shugabarku, ki zaɓi Asabar ɗin da ta yi miki, ki aiko mana. Zan zo in tsaya a bakin ƙofa. Ke za ki buɗe, ke za ki shiga, ke za ki karanto mini sunan kowace kwalba, ba kuma zan ce uffan ba sai kin tambaye ni. Na riga na ce wa telana ya ɗinka miki farar riga mai dogon hannu, ya yi mata maɓallai a gaba yadda za ta fita da sauri. Ita zan riƙo miki.

Ƙannenki suna gaishe ki, Abbanki yana sa miki albarka. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci ko ba kya jin yunwa, ki gaishe da shugabarku da matan gidan da kika sauka. Allah Ya kiyaye idonki da hannunki da na yaran da aka ba ki amana. Allah Ya ba ki haƙuri da su, Ya ba su albarkar abin da za ki koya musu, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ina jiran jin Asabar ɗin.

Taki har kullum,
Innarki.